Kafin Mu Miƙa wa Yaro Manhaja, Mu Duba Hanyar Komawa Baya

Akwai abin da kowannenmu yake taɓawa sau ba adadi a wayar hannu, amma da wuya ka ji an zauna ana maganarsa, wato hanyar komawa baya. Ka buɗe saƙo, ka koma. Ka shiga hoto, ka koma. Yatsanka ya kai ka inda ba ka nufa ba, ka koma. Muddin hanyar nan tana aiki, ba mai tunawa da ita. Sai dai shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun ƙasar Tasawa da ta Mayahi sun nuna mini cewa tana ƙin aiki fiye da yadda muke zato, kuma waɗanda abin yake cuta su ne waɗanda muka fi so waya ta amfana: yara masu fara karatu, da iyayensu da ba su yi lakwal ba. Mutum ba ya sakin jiki ya shiga inda bai san mafitarsa ba. Don haka duk manhajar da za mu miƙa wa yaro ko dattijo, ya kamata mu fara duba yadda ake fita daga cikinta kafin mu tsaya yaba kyanta.

Malamin ƙauye ya san aikinsa ba ya ƙarewa a bakin aji. Shi ake kawo wa takardar likita ya karanta, shi ake kawo wa wasiƙa, yanzu kuma shi ake kawo wa waya. "Mushe, duba mini wagga, ta shiga wani wuri ta ƙi hita." Na ji wannan magana a Maijirgi, na ji ta a Korgom, na ji ta a Kanembakashe. Idan na karɓa na duba, yawanci wayar lafiyarta ƙalau. Caji bai ƙare ba, rezo bai ɗauke ba. Abin da ya faru shi ne mai wayar ya yi abin da hannunsa ya saba yi don ya koma baya, manhajar kuma ta yi masa shiru, ko ta jefa shi waje gaba ɗaya.

Hanyoyi uku a gida ɗaya

A gida ɗaya yau za ka iske hanyoyin komawa baya har iri uku. Ta farko ita ce ta ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ta fara shigo mana. A cikinta maɓallin hannun dama da ke ƙarƙashin gilashi shi ne na komawa, jan maɓalli kuma yana maido ka farko ko ina ka shiga. Iyayenmu sun riƙe wannan sarai, har a cikin duhu suna yinsa. Ta biyu ita ce ta babbar waya mai alamomi uku a ƙasan gilashi: ɗaya ta komawa baya, ɗaya ta komawa fuskar farko, ɗaya ta nuna manhajojin da ke buɗe. Ta uku ba ta da alama ko ɗaya. Za ka sa yatsa a bakin gilashi ka ja shi zuwa tsakiya, sai shafin da kake kai ya kau, na baya ya dawo. Wannan ita zan riƙa kira shafar gefe.

Yadda aka zo nan ba dogon labari ba ne. Wayar Android ta farko da ta fito a 2008 tana da maɓallin komawa na gaske, wanda ake dannawa a ji shi a yatsa. Daga 2011 aka fara zana alamomin a jikin gilashi. Ita kuwa iPhone ta kamfanin Apple, tun fitowarta a 2007 ba ta taɓa samun maɓallin komawa a jikinta ba, sai alamar da ake sawa a kusurwar hagu ta sama a cikin manhaja. A watan Satumba na 2013, da tsarin iOS 7 ya fito, aka ƙara mata shafar gefe daga ɓangaren hagu. A Satumban 2019 Android 10 ya kawo tasa shafar, wadda ke aiki daga hagu da dama duka. Shekara ɗaya bayan haka aka sa ta har a ƙaramin tsarin Android Go, wanda ake ɗorawa a wayoyi masu araha. Irin wayoyin da suka cika kasuwanninmu, Tecno da Itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, a kan Android suke tafiya, don haka canjin ya iso mana ba tare da an yi mana shela ba.

Ga shi kuma waya a wurinmu ba ta zama a hannu ɗaya. Yaro ya dawo daga ci-rani a Aljeriya ko Libiya ko Kano, ya sayi sabuwa, ya bar wa mahaifiyarsa tsohuwar. Ita kuma da dare ta ba jikanta ya kalli bidiyo. Makwabciya ta aro ta kira mijinta. Kowace waya da saitin da mai ita na farko ya bar mata. Fiye da rabin manyan mutanen Nijar ba sa karanta rubutun boko, kuma yawancin wayoyin nan da Faransanci suke magana. Wanda bai iya karanta "Retour" ba, da hannu yake koyon waya, kamar yadda ƙafa take haddace hanyar gona. Idan hannun ya saba da abu, to shi ke nan iliminsa na waya. Duk wanda ya ɓata masa wannan sabo ya ƙwace masa kusan duk abin da ya sani.

Inda gizo ke saƙa

Don a gane yadda hanyar take lalacewa, a ɗauki manhaja kamar jeren kwanuka, wani bisa wani. Duk shafin da ka buɗe, an ɗora kwano ke nan. Komawa baya shi ne ɗauke na sama a ga na ƙarƙashinsa.

A iPhone, kamfanin yana ba mai haɗa manhaja kibiyar komawa da shafar gefe a shirye, kuma a ɗaure da juna. Bai buƙatar ya yi komai, duka biyun suna aiki. Amma da zarar ya cire kibiyar ya sa maɓalli nasa na kansa, don yana son wani launi, ko wani zane, ko yana son ya fi girma, sai shafar gefe ta mutu. Ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. Haka ma idan ya ɓoye layin saman gaba ɗaya don ya ƙawata shafin. Masu haɗa manhajar iPhone sun san wannan matsala tun 2013, kuma har yau sababbin shiga suna faɗawa cikinta. Idan aka yi tunani, abin yana da hujja: wayar ta san aikin kibiyarta, amma ba ta san aikin maɓallin da aka kawo ba. Wataƙila na adana rubutu ne, wataƙila na fasa aiki ne. Sai ta zaɓi ta janye hannunta. Shi kuwa mai manhajar, da yake maɓallinsa yake dannawa a duk gwajin da yake yi, ba zai lura ba. Garin neman gira an rasa ido.

A Android, wadda ita ce tamu, matsalar ta ɗauki wata kama. Nan alamar komawa da shafar gefe na wayar ne, ba sa mutuwa. Abin da ke lalacewa shi ne amsar da manhaja take ba su. Ƙananan manhajoji da yawa da muke tura wa juna, na littattafai da ƙamus da darussa, a zahiri shafukan intanet ne aka naɗe a cikin rigar manhaja. Kai kana ganin ka wuce shafi goma, amma a wurin wayar kwano ɗaya ne tak. Idan mai haɗawa bai sanar da ita cewa akwai shafuka a ciki ba, kana taɓa alamar komawa sai ta ɗauke kwanon duka, ka tsinci kanka a waje. Maɓallin da ya zana a cikin shafi yana mai da kai taki ɗaya, na wayar kuma yana rufe komai. Hanyoyi biyu da ya kamata su kai gida ɗaya sun rabu.

Na ga wannan da idona. Wani tsohon ɗalibina da ke koyon aikin kwamfuta a Maradi ya haɗa wata 'yar manhaja ta koya wa yaran aji CI baƙaƙen Hausa, har da ɓ da ɗ da ƙ, kowane harafi da hotonsa da muryarsa. Aiki ne mai kyau, kuma kyauta ya yi shi. A kowane shafi ya sa wani babban koren maɓalli da aka rubuta "Koma" a kai. Muka tura ta a wayoyin wasu iyaye ta Xender, na zauna ina kallon yara. Babu yaron da ya taɓa koren maɓallin nan, don ai ba su iya karatu ba tukuna, shi ne ma suka zo koyo. Abin da suke yi shi ne abin da suka ga yayyensu suna yi a WhatsApp: su taɓa alamar ƙasa, ko su shafi gefe. Nan take manhajar ta rufe. A sake buɗewa, a dawo harafin farko. Yarinyar da ta kai ƙ ta so ta sake jin muryar k, sai ta tsinci kanta a waje. A karo na uku ta miƙa wa uwarta wayar ta ce ta ɓaci.

Da na kira shi na faɗa masa, ya ce, "Malam, ai maɓallin yana nan, babba ne ma." Na ce masa yana nan ga mai karatu. Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba. Gyaran bai ɗauke shi fiye da yamma ɗaya ba.

Gyaran ba wuya gare shi ba

Na kawo wannan ne don iyaye da malamai su san cewa idan sun yi ƙorafi ba abin da ya gagara suke nema ba. Gyaran hawa uku ne, kuma duk wanda ya iya haɗa manhaja zai iya su.

Na farko, kada a cire abin da waya ta zo da shi, a yi masa kwalliya kawai. A iPhone ana iya canza zanen kibiyar, da launinta, da kalmar da ke gefenta, ba tare da an taɓa asalinta ba. Mai son rubuta "Koma" zai rubuta, shafar gefe kuma tana nan da ranta.

Na biyu, idan dole sai an sa sabon maɓalli, to a sake ɗaura shafar da hannu. Layuka kaɗan ne na umarni da ke gaya wa wayar ta bar shafar ta yi aiki muddin akwai shafi a ƙarƙashin wanda ake kai. Sharaɗin nan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin idan aka buɗe ta har a shafin farko, inda babu kwanon da ke ƙasa, manhaja tana iya sandarewa ta daina amsa taɓi.

Na uku, a Android, a haɗa maɓallin cikin shafi da alamar wayar su bi umarni ɗaya. Duk wadda aka taɓa, a koma taki ɗaya, kada a rufe manhajar sai an iso shafin farko.

Kada kuma a cire maɓallin

Wani zai ce tunda shafar gefe ce hannu ya saba da ita, me zai hana a jefar da maɓallin a huta? Wannan ma kuskure ne, kuma mu a nan mun fi kowa sanin dalili. Ku dubi wayoyin da ke hannun mutane a tashar Tasawa ko kasuwar Mayahi, ku ƙirga waɗanda gilashinsu bai tsage ba. Tsagewar kuma daga kusurwa da gefe take farawa, daidai inda ake son yatsa ya tashi. Wasu an sa musu rigar roba mai kauri wadda bakinta ya hau kan gilashi. Ga hunturu, lokacin da fata take bushewa gilashin ya riƙa ƙin jin taɓi. Ga hannun manomi da ya yi kanta bayan noman gero. Ga tsohon da hannunsa ke rawa, wanda zai iya danna abu amma ba zai iya jan layi miƙaƙƙe ba. Duk waɗannan maɓalli suke buƙata, wanda ido ke gani, yatsa ke samu.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, ta fitar da ƙa'ida a 2018 cewa duk aikin da ake yi da jan yatsa a kan wata hanya, to a samar da yadda za a yi shi da taɓi ɗaya, saboda masu naƙasa da masu raunin hannu. Kamfanin Google kuma yana ba masu haɗa manhaja shawarar kada abin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9 a faɗi da tsawo. Ku gwada da rula, za ku ga kibiyoyi da yawa da ake sa mana ba su kai haka ba. Ƙofofi biyu ake buƙata, kowa ya bi wadda ta yi masa, amma su fita a fili ɗaya.

Akwai kuma inda shafar gefe take karo da wata shafar. Mai karanta Alƙur'ani a waya yana juya shafi ne da jan yatsa daga hagu zuwa dama, yadda littafin Larabci yake tafiya. Idan ya faro jan daga can bakin gilashi a wayar Android da aka saita kan shafar gefe, wayar za ta ɗauka komawa yake so, ta fitar da shi daga inda yake karatu. Na ga dattawa da malaman makarantun Faransanci da Larabci suna fama da wannan, alhali maganinsa kalma ɗaya ce: a faro jan daga tsakiya. Abokan aikinmu da ake ɗauka aikin ƙidaya da bincike lokacin hutu sun san irin wannan karo a manhajar KoboCollect, inda ake wucewa daga tambaya zuwa tambaya da jan yatsa. Masu ita sun yi dabara mai kyau: a cikin saitinta mutum zai zaɓi shafa, ko maɓallai, ko duka biyun. Wannan shi ne mutunta mai amfani da kaya.

Inda ya dace a tsayar da mutum

Gaskiya ne akwai wuraren da bai kamata komawa baya ya zama da sauƙi ba. Wanda ya cika rabin takardar rajista, bai kamata shafa ɗaya ta kuskure ta share masa aikin rabin awa ba. Wanda ya riga ya aika kuɗi, bai kamata komawa baya ya sa a sake aikawa ba. Ɗalibin da ke jarrabawa a na'ura, wataƙila ba a son ya koma tambayar da ya wuce. Amma tsayar da mutum daban, yi masa shiru daban.

Wata baiwar Allah a unguwarmu, wadda ke riƙe kuɗin adashen mata, ta zo aika jaka ashirin ta wata manhajar aika kuɗi. Ta isa shafin tabbatarwa, ɗanta ya karanta mata lambar, suka ga an yi kuskuren lamba ɗaya. Ta shafi gefe, ba abin da ya motsa. Ta sake, shiru. Ashe akwai wata 'yar alama ƙarama a can sama wadda ita ce ta fasawa, amma wa zai gaya mata? Tsoro ya kama ta kada ta taɓa wani abu kuɗin mutane su tafi hannun wanda ba ta sani ba. Sai ta kashe wayar ɗungurungum. Washegari ta biya kabu-kabu ta je wurin wakili a cikin gari. Kuɗin ba su ɓata ba, amma tun ranar ba ta sake yarda ta aika da kanta ba. Da manhajar ta amsa mata da tambaya, ko ta koma ta gyara ko ta ci gaba, da ba a yi asarar amincewarta ba. KoboCollect ɗin da na ambata haka take yi: idan ka taɓa komawa kana tsakiyar cika takarda, tana tambayarka ko a adana abin da ka rubuta. Su ma masu Android sun gane cewa mutum yana son sanin inda komawa za ta kai shi kafin ya saki yatsa, shi ya sa tun Android 13 a 2022 suka fara shigo da tsarin da ke leƙo maka shafin da za ka faɗa tun kana tsakiyar shafar.

Me ya shafi malami?

Mu malamai mun san darajar gogewa. Yaron lakwal yana rubutu a ƙaramin allonsa da alli, ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Almajiri yana wanke allonsa ya sake rubutawa. Da a ce duk harafin da yaro ya rubuta ba ya goguwa, da ba yaron da zai yarda ya ɗora alli. Hanyar komawa baya ita ce tsumman goge allo a cikin waya. Yaron da ya tabbata zai iya dawowa, shi ne yake taɓa nan ya taɓa can har ya gano abu da kansa. Wanda aka jefa waje sau uku yana koyon wani darasi daban, wato shi ne bai iya ba, kuma taɓa abin da ba a nuna maka ba haɗari ne. Wannan darasi ba ya tsayawa a waya, yana bin yaro har cikin aji.

Masana harkar sun daɗe da faɗin haka. Tun 1994 Jakob Nielsen ya jera ƙa'idoji goma na tsara manhaja mai sauƙin amfani, kuma a cikinsu akwai cewa mutane suna yawan shiga wuri bisa kuskure, don haka a ba su mafita bayyananniya. A nan gida ma muna da shaida cewa ƙaramar waya tana taimakon karatu idan mutum ya mallaki sarrafa ta. Shirin ABC na yaƙi da jahilci, wanda aka fara a 2009 a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka bi diddiginsa, ya koya wa manya amfani da waya mai maɓallai a cikin ajin karatu da Hausa da Zabarmanci. Waɗanda aka koya wa wayar sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Wayar da suka yi amfani da ita ba ta da kwalliya, amma maɓallanta ba sa canza hali daga shafi zuwa shafi.

Lokacin maganar nan yanzu ne. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ana sa ran manhajojin Hausa za su ƙaru, na gwamnati da na ƙungiyoyi da na matasanmu. Kuma abu na farko da mai kishin harshe zai so ya yi shi ne ya cire "Retour" ya sa "Koma". Niyya ce mai kyau, ina goyon bayanta. Amma daidai wannan wurin ne shafar gefe take mutuwa, ko hanyoyin biyu su rabu. Abin takaici ne a ce manhajar Faransanci tana jin hannun Inna, ta Hausa kuma ba ta ji. Mutane ba za su ce mai haɗawa ne ya yi sakaci ba, cewa za su yi ta Hausar ce ba ta da kyau.

Abin da za mu iya yi

Ba sai mun iya haɗa manhaja ba kafin mu auna ta. Minti biyar sun isa. Kafin ka miƙa wa yaro ko ka tura a zauren iyayen yara, ka yi waɗannan:

1. Shiga shafi uku a jere, sannan ka taɓa alamar komawa ta wayar ko ka shafi gefe. Ta mai da kai taki ɗaya, ko ta jefa ka waje?

2. Sake shiga, ka danna maɓallin da ke cikin manhajar. Inda ya kai ka, nan ne ta farkon ta kai ka?

3. Dubi maɓallin da idon wanda bai iya karatu ba. Akwai kibiya a jikinsa, ko rubutu ne kawai? Babban yatsa zai same shi?

4. Fara rubuta wani abu, sannan ka koma baya da gangan. An tambaye ka, ko an share ba sallama?

5. Rufe manhajar ka sake buɗewa. Ta tuna inda ka tsaya?

Bayan wannan, idan wayar tsoho ce ko ta yaro ƙarami, kuma shafar gefe tana ba su wahala, ana iya maido da alamomin nan uku. A shiga Paramètres, a nemi Système, a duba inda aka rubuta kalmar navigation, a zaɓi maɓallai uku. Jerin sunayen yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma zaɓin yana nan a yawancin wayoyin Android. Idan a gida akwai wayoyi biyu ko uku da yara ke taɓawa, a saita su iri ɗaya.

Sannan mu canza tsarin koyarwarmu. Duk wanda za mu nuna wa waya, darasin farko ya zama na fita: ga yadda ake komawa taki ɗaya, ga yadda ake komawa farko. A sa shi ya shiga ya fita sau biyar kafin a nuna masa wani abu. Na gwada wannan da iyaye mata a ajin yamma, kuma na ga bambanci. Wadda ta san mafita ba ta miƙo maka wayar da zarar wani abu ya buɗe, da kanta take gwadawa.

Daraktocin makarantu da kwamitocin iyayen yara su ma suna da ta cewa. Idan wata ƙungiya ta kawo tabilet ko manhajar darasi, kada kunya ta hana mu gwadawa a gabansu. A kira yaron CI, a ba shi, a ce ya shiga ya dawo. Idan ya kasa, a faɗa musu a rubuce, da sunan shafin da irin wayar, domin mai gyara da wannan yake aiki. Kyauta ce suka kawo, gaskiya ne, amma lokacin yaranmu ne za a kashe a kanta.

Ga matasanmu masu haɗa manhaja a Maradi da Damagaram da Yamai da Kano kuma, roƙona ɗaya ne. Ku rubuta "Koma", ku yi masa launin da kuke so, ku ƙara masa girma. Amma kafin ku saki aikin, ku ɗora shi a tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ku miƙa wa wanda bai taɓa shiga aji ba, ku rufe bakinku ku kalli yatsansa. Inda yatsan ya nufa, nan ya kamata ƙofar ta kasance a buɗe.